Jirgin da ke kai birnin Mumbai kasuwa: shekara ɗari na "lokal"

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya, da wuya a ce bai taɓa ganin wannan jirgi ba: dogon jirgin ƙasa mai ƙofofi a buɗe, mutane sun cika shi maƙil, wasu na lilo a bakin ƙofa da hannu ɗaya, iska na kaɗa musu riga. Mutanen birnin Mumbai, wanda iyayenmu suka fi sani da Bombay kafin a sauya masa suna a 1995, suna kiransa "lokal", wato jirgin cikin gari da unguwannin kewaye. A watan Fabrairun 2025 ya cika shekara 100 yana tafiya da wutar lantarki.

A wannan mako mun ga ya dace mu kawo wa masu karatunmu, musamman ƴan kasuwa maza da mata, labarin yadda aka ƙera wannan jirgi da yadda ya yi ta sauya kama. Dalilinmu shi ne, idan aka duba shi tarago bayan tarago, za a ga ƙaramin mai nema ne ya ba shi siffarsa: mai kifi, mai kayan miya, mai furanni, mai kai abinci, da ma'aikacin da albashinsa bai kai ya kama ɗaki a tsakiyar gari ba. Sai dai arhar da ta sa ya zama jirgin talaka tana da nata farashin, kuma da rayuka ake biyan sa.

Garin da ya yi tsawo kamar igiya

Mumbai gari ne da teku ta matse shi gabas da yamma. Tsohuwar cibiyar kasuwanci, da manyan ofisoshi da bankuna, suna can ƙarshen kudu, jama'a kuwa sun yi ta bazuwa arewa saboda can ne haya ke da sauƙi. Daga tashar Churchgate da ke kudu zuwa garin Virar kilomita 60 ne, kuma akwai dubban mutanen da ke yin wannan tafiya zuwa da dawowa kowace rana. A gari irin wannan, mota ba ta iya ɗaukar kowa.

Jirgin fasinja na farko a ƙasar Indiya daga nan ya tashi, ranar 16 ga Afrilun 1853, zuwa garin Thane, tafiyar kilomita 34. Shekaru saba'in ana amfani da jirgi mai gawayi da tururi. Matsalarsa ita ce nauyin tashi: kafin ya ɗauki gudu ya iso tasha ta gaba, idan kuma ya kai ƙarshen hanya sai an kwance kan jirgin an zagayo da shi ɗaya gefen.

Ranar 3 ga Fabrairun 1925 jirgin lantarki na farko ya tashi daga babbar tashar Victoria zuwa Kurla, kilomita 16, da tarago 4 kacal, waɗanda aka ƙero daga Ingila da Jamus. A 1928 aka sa wa layin yamma tasa wutar har zuwa Borivali. Tun daga lokacin jirgin bai sake barin rayuwar garin ba.

Jirgin da ba shi da kai

Abin da ya bambanta "lokal" da jirgin da muka saba gani a hoto shi ne ba shi da kan da ke jan taragai. Injinan suna ƙarƙashin daɓen taragan da mutane ke zaune a ciki. Ana haɗa taragai uku-uku, ɗaya daga cikin ukun shi ne mai inji, kuma a bisa rufinsa akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da ke gogar wayar lantarki yana shan wuta. Jirgi mai tarago 12 ke nan yana da taragai 4 masu inji, duka suna ja tare bisa umarnin direba ɗaya.

Misalinsa kamar amalanke ce da aka raba wa majiya ƙarfi huɗu, kowa ya kama nasa gefe, maimakon a bar wa mutum ɗaya a gaba. Tashi ya fi sauri, tsayawa ma haka. Akwai ɗakin direba a kowane ƙarshe, don haka idan jirgi ya kai tashar ƙarshe ba a juya shi. A cikin ƴan mintoci ya kama hanyar komawa.

Faɗinsa ma da gangan aka yi shi. Tsakanin ƙarafan dogo biyu a Indiya mita 1 da santimita 67 ne da ɗan ɗori, taragon "lokal" kuwa faɗinsa ya kai mita 3 da santimita 66, ya fi na jiragen da ke tafiya mai nisa. A aji na biyu, kujerar mutum uku ce a dama, ta mutum uku a hagu, sauran filin na masu tsayuwa ne, ga maratayai jere a sama don a riƙe. Ƙofofin masu faɗi ne, domin a yawancin tashoshi tsayawar ba ta wuce rabin minti ba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne ɗaruruwa za su sauka ɗaruruwa su hau.

Da jama'a suka ƙaru sai aka yi ta ƙara tsawo. A shekarun 1960 aka koma tarago 9, a 1986 aka fara mai 12, a 2009 kuma mai 15 ya shigo layin yamma. Ƙira ma ta dawo gida: masana'antar gwamnati ta ICF, wadda aka buɗe a 1955 a birnin Madras, Chennai ta yanzu, ita ce ta zama babbar mai ƙera waɗannan taragai.

Taragon kaya da taragon mata

Ga inda labarin ya fi shafar masu karatunmu. A kowane "lokal" na gargajiya akwai ɗakunan da aka ware don kaya. Kujerunsu kaɗan ne, a jikin bango, tsakiya kuwa fili ne. Da asuba, mata masu sayar da kifi, da yawansu ƴan ƙabilar Koli waɗanda su ne masunta na asali a wannan gaɓa, suna saro kifi a bakin ruwa irin su Sassoon Dock, su ɗora kwanduna a wannan ɗaki su bazu cikin unguwanni. Masu ganye da kayan miya suna gangarowa daga wajajen Vasai da Virar. Masu furanni suna sari a kasuwar da ke manne da tashar Dadar. Kafin rana ta ɗaga, kowa ya kai rumfarsa ko bakin titinsa.

A wannan ɗaki ne kuma ake samun masu farar hula da ake kira "dabbawala", masu karɓar abincin rana daga gidaje su kai wa ma'aikata a ofis. Sana'ar ta faro tun wajen 1890. Kafin annobar korona sun kai kimanin mutum 5,000, suna kai kwanon abinci kusan 200,000 a rana. Suna karɓa a keke, su tara a tasha, su rarraba bisa alamomin da aka shafa a murfin kwano, su jera a dogayen akwatunan katako su cusa cikin taragon kaya. Duk lissafinsu a kan agogon jirgi yake. Idan jirgi ya makara, abincin wani ya makara.

Mata kuma suna da nasu taragai, da hoton mace a jikin ƙofa don wadda ba ta iya karatu ba ta gane. Namiji baligi ba ya shiga, kuma da dare ana sa ɗan sanda a ciki. Ranar 5 ga Mayun 1992 aka ƙara wani mataki: jirgi sukutum na mata zalla ya fara tashi tsakanin Churchgate da Borivali a lokacin cunkoso, daga baya aka ƙara irinsa a sauran layuka.

Taragon mata kasuwa ce mai tafiya. Masu talla na shiga da ƴan kunne, awarwaro, kayan kitso da ƴaƴan itace, su rataya hajarsu a maratayin hannu, ciniki ya kankama kafin tasha ta gaba. Matan da ke dawowa daga aiki da yamma sukan gyara ganyen miyar dare a bisa cinya, don da sun isa gida sai ɗora tukunya. Akwai kuma ƙa'idojin da ba a rubuta ba. Kujerar mutum uku takan ɗauki ta huɗu a gefe-gefe. Wadda ke tsaye takan tambayi ta zaune inda za ta sauka, ta kama wurin tun kafin a iso, kuma kowa na mutunta wannan alkawari. Matan da suka shekara goma suna hawa jirgi ɗaya a sa'a ɗaya sukan zama tamkar dangi, har da gudummawar biki.

Akwai ƙaramin ɗaki na naƙasassu da masu fama da ciwon daji, akwai kuma aji na ɗaya mai kujerun katifa ga mai hali. Amma ƙashin bayan jirgin aji na biyu ne, inda tikitin tafiya mafi kusa rufi 5 ne, abin da bai kai dala goma na kuɗinmu ba. Mai tikitin wata kuwa abin da yake biya a kowace tafiya ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan arha ce ke sa mai sayar da kifi ta yi tafiyar kilomita 40 kuma ta dawo da riba.

Sabon jirgin 2007

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 tsofaffin jiragen sun gaji. Jirgi mai tarago 9 da aka ƙera don mutum 1,700 yakan ɗauki sama da 4,500 a lokacin tafiya aiki. Hukumar jiragen ƙasa da kanta ta yi lissafin cewa mutum 14 zuwa 16 ke tsayuwa a fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, wato wurin da bai kai shimfiɗar ƙaramar tabarma ba.

A 1999 gwamnatin tarayya da ta jihar Maharashtra suka kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna MRVC, a 2002 kuma Bankin Duniya ya amince da bashin sama da dala miliyan 500 na Amurka don gyara sufurin birnin. Daga cikin wannan shiri ne sabon jirgi ya fito a watan Nuwamban 2007, mai launin fari da shunayya. ICF ce ta ƙera gangar jikin, kamfanin Siemens na Jamus ya sa kayan wuta.

Gyare-gyaren da aka yi masa duk amsa ce ga koken fasinja. An faɗaɗa tagogi, an sa na'urorin da ke tura iska daga waje zuwa cikin tarago, don a cunkoso numfashi kan yi wuya. An ɗora taragon a bisa jakunkunan iska maimakon ƙarafan da ke lotsawa idan kaya ya yi nauyi. An sa allo da murya da ke faɗin tasha ta gaba da harsunan Marathi, Hindi da Ingilishi. Sannan idan direba ya taka birki, injinan kan juye su zama masu samar da wuta, su mayar da ita cikin waya wani jirgin ya sha. Ta haka ake rage kusan kashi 30 cikin 100 na wutar da ake ci.

Babban abin da aka so da shi kuma shi ne iya shan wuta iri biyu. Tun 1925 jiragen Mumbai na amfani da wuta mai ƙarfin bolt 1,500, irin mai gudu hanya ɗaya kamar ta batir. Sauran ƙasar kuwa ta koma mai ƙarfin bolt 25,000, irin mai kai da komo. Tsohuwar wutar na bukatar tashoshin wuta kusa-kusa, kuma ba ta iya ɗaukar ƙarin dogayen jirage. Ba yadda za a yi a rufe hanya wata guda don a sauya, domin garin zai tsaya cik. Sai aka yi ta sauyawa yanki-yanki da dare, sabbin jiragen na ratsa tsohuwar wuta da sabuwa ba tare da fasinja ya sani ba. Layin yamma ya kammala a Fabrairun 2012, babban layin tsakiya a Yunin 2015, layin bakin ruwa a Afrilun 2016. A 2015 wani samfurin ya biyo baya, mai gangar jiki ta ƙarfen da ba ya tsatsa da kayan wutar kamfanin Bombardier.

Aikin bai tafi ba tare da kuka ba. Shirin ya haɗa da faɗaɗa layin dogo da manyan tituna, kuma an tayar da sama da mutum 100,000 daga matsugunansu. Masu shaguna da titi ya bi ta kansu sun kai ƙara ga sashen bincike na Bankin Duniya a 2004, suna cewa rumfunan da aka ba su sun yi ƙanƙanta kuma sun yi nisa da masu saye. A watan Maris na 2006 bankin ya dakatar da wani ɓangare na kuɗin, sai da aka yi gyara ya sake sakin su bayan ƴan watanni. Ƴan kasuwar da suka haɗa kai, da takardunsu a hannu, su ne aka saurara.

Sabon jirgin ma ya zo da nasa aibin. Ya fi tsoho tsayi daga ƙasa, sai tazarar da ke tsakanin ƙofa da dakalin tasha ta ƙaru, mutane suka riƙa zamewa ciki. Sai da magana ta kai babbar kotun Bombay kafin a bi tashoshi ana ɗaga dakali zuwa kimanin santimita 90.

Ƙofar da ba a rufewa

Kafin korona, sama da mutum miliyan 7 ke hawa "lokal" kowace rana, a tafiye-tafiye kusan 3,000, daga wajen ƙarfe 4 na asuba zuwa bayan tsakar dare. Ambaliyar 26 ga Yulin 2005 ta tsayar da shi na ɗan lokaci. Ranar 11 ga Yulin 2006 bama-bamai 7 suka tashi a taragan aji na ɗaya cikin minti 11, suka kashe sama da mutum 180, amma washegari da safe jirage na tafiya kuma jama'a sun hau. Abin da ya rufe shi ga talakawa na tsawon watanni shi ne korona, daga Maris ɗin 2020. A nan ne aka ga matsayinsa: masu kai abinci da masu talla da yawa sun rasa abin yi, wasu suka koma ƙauyukansu.

Sai dai mutuwar da ta fi yawa ita ce ta kullum, wadda ba ta cika shiga kanun labarai ba. A shekarar 2023 kaɗai mutum 2,590 suka rasu a kan layukan birnin, wato kusan 7 a kowace rana. Kusan rabinsu wajen tsallaka dogo ne don gudun hawa gada, kusan 600 kuma faɗowa suka yi daga jirgi yana gudu. Masu hawa rufi ma sun gamu da sabon haɗari, domin wuta mai bolt 25,000 ba ta jiran a taɓa ta, kusantar ta kawai ya isa.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a rufe ƙofar? Amsar tana da wuya. A zafi da gumin Mumbai, taragon da ya ɗauki ninki biyu ko uku na abin da aka yi shi dominsa, ƙofar nan ita ce hancinsa. Rufewa da buɗewa kuma na cin lokaci a kowace tasha, abin da zai iya rage yawan jiragen da ke wucewa a sa'a guda.

Ranar 25 ga Disamban 2017 aka fito da jirgi mai na'urar sanyi da ƙofofin da ke rufe kansu. Ba mai faɗowa daga cikinsa, amma kuɗinsa ya ɗara na aji na ɗaya. Ko da aka rage kuɗin tikitinsa da rabi a watan Mayun 2022, ya fi ƙarfin mai kwandon kifi. A watan Agustan wannan shekara fasinjoji a Kalwa da Badlapur suka yi zanga-zanga, saboda an cire jiragensu na gargajiya an sa masu sanyi a gurbinsu, su kuma aka bar su da ƙarin turereniya a jirgin da ke biye. Hukuma ta janye tafiye-tafiye 10 na masu sanyin.

Ranar 9 ga Yunin 2025, kusa da tashar Mumbra, jirage biyu suka gifta juna a wata kwana, waɗanda ke rataye a bakin ƙofa suka zubo ƙasa, aƙalla mutum 4 suka rasu nan take. Bayan wannan ne hukumar jiragen ƙasa ta sanar da cewa sabbin jiragen da za a ƙera wa Mumbai, har da marasa na'urar sanyi, za su zo da ƙofofi masu rufe kansu, da kafofin shan iska a jikin ƙofar da kuma na'urar iska a rufi. Bayan shekara ɗari, ana ƙoƙarin haɗa arha da tsaron rai a tarago ɗaya.

Abin da ya rage mana

Irin wannan jirgi ya fara isowa yankinmu. Dakar ta buɗe nata mai lantarki a Disamban 2021, Legas ta bi a Satumban 2023. Mu nan Nijar an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma bai kai ga jigilar yau da kullum ba. Duk ranar da maganar jirgi ta sake tasowa, ƙungiyoyin ƴan kasuwa na da tambayoyin da ya kamata su yi tun ana zane a takarda, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shin an ware wurin buhu da kwando, ko kuwa jirgin na mai jakar hannu ne kawai? Mata na da wurin da za su zauna da kayansu da goyonsu ba tare da matsi ba? Nawa ne kuɗin tafiya idan aka gwada da ribar yini guda? Jirgin farko na tashi da wuri yadda mai sari zai riski kasuwa? Waɗanda dogo zai bi ta kan rumfunansu, ina za a kai su, kuma wa zai sa hannu a yarjejeniyar? Akwai gada ko mashiga kusa da kasuwa, ko sai mutane sun riƙa tsallaka dogo da kaya a ka?

Mutanen Mumbai sun sami taragon kaya da na mata da tikiti mai arha, kuma da su ne miliyoyi ke ci da iyalinsu. Ƙofa da gada da tsayin dakali kuwa an bar su sai daga baya, bayan an yi asarar dubban rayuka. Wanda bai riga ya sayi nasa jirgin ba yana da damar neman duka biyun tun ranar farko.